Rasuwar 'Yar Bama, Libarbar Saje Ilu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da wani takaici da ya ƙi wucewa, Alhaji Badaru Ilu, dillalin fata a mayankar Oko-Oba, mazaunin Agege, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda ba na arzikin ba, rasuwar 'Yar Bama, libarbar da ya gada daga mahaifinsa, marigayi Saje Ilu. Ta rasu ranar Lahadi, kwana biyar bayan babbar sallar shekarar 2001, da misalin ƙarfe takwas da rabi na safe, a ƙofar gida, a gaban mutum fiye da ɗari, kuma a hannun mai ita. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba ta yi doguwar jinya ba. Ta yi tari sau ɗaya, ta yi magana sau ɗaya, daga nan sai labari.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, kuma suna da yawa, domin ba mai yawon gari ba ce: lambar da ke jikinta ta nuna an ƙera ta a Ingila shekara hamsin da takwas da suka wuce. Ta sauka Apapa a ƙasan akwatin ƙarfen Saje Ilu lokacin da sojojin da suka yi yaƙin duniya a ƙasar Bama suka dawo gida, shi kuwa Saje bai koma Gumel ba, ya tsaya Agege ya kama cinikin goro. Baƙa ce wuluk, mai ɗaki shida, mai nauyi a hannu irin nauyin abin kirki. Muryarta ba ta wuce uku ba. In an buɗe ta, ta ce ƙyas. In an juya gidan harsashinta, ta ce tik, tik, tik, a natse, ba gaggawa. In an rufe ta, ta ce ƙas, kamar dattijon da ya gama magana ba ya son ƙari.

Tun Alhaji Badaru yana ɗan shekara shida yake jin tarihinta daga bakin mahaifinsa. Wai a wani mashigin kogi cikin dajin Bama abokan gaba suka ritsa kyaftin ɗinsu, Saje ya fizge libarbar daga ɗamarar Baturen, ya yi harbi uku, ya fitar da shi da rai. Shi ne kyaftin ya ba shi ita kyauta, har da takarda mai hatimi. Gaskiya ne a wasu shekarun harbin yakan zama biyar, kogin ma yakan ƙara faɗi. To, wane tsohon soja ne koginsa ba ya ƙara faɗi? Alhaji bai taɓa shakkar maganar ba. A kanta ya girma, kuma da ita yake ɗaga kai a cikin dillalan Oko-Oba.

Cikin kyawawan halayen marigayiyar babu kamar haƙuri. Ta ga mulkin soja tun daga na farko har na ƙarshe, ba ta ce uffan ba. A zamanin da maganar bindiga kan iya kai mutum bakin teku a ɗaure shi jikin durom a harbe, ta kwana a cikin silin, ta kwana cikin buhun garin kwaki, ta yi shekara biyu a ƙasan tukunyar da ba a girki da ita. Ba ta yi tsatsa ba, ba ta tona asirin kowa ba. Sai da sojoji suka koma bariki, aka ce yanzu mulki na farar hula ne, kowa ya sake, sannan ajalinta ya fara matsowa. Wannan abin yana ci wa Alhaji rai ƙwarai.

Kulawa kuwa, sai dai a ce ta yi yawa. Alhaji mutumin fata ne, shekara arba'in yana wannan sana'a, kuma dokar sana'arsa ɗaya ce: abin da ya bushe, shi ke tsagewa. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci yakan kulle ɗaki, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya bi ta gaɓa gaɓa da man keken ɗinki. Harsasai shida da suka zo tare da ita daga yaƙi su ma bai bar su da ƙishi ba. Yakan shafe kowanne da man shanu, ya kwantar da su cikin audugar da ta sha mai a wani gwangwani, kamar yadda yake yi wa fatar da ba ya son ta yi tauri. Shekara goma sha tara yana haka, tun rasuwar Saje, da kyakkyawar niyya.

Marigayiyar ta bar 'yan'uwa uku a kabad ɗin gilashi, domin son da Alhaji ke yi mata ya ja shi ga tara irinta. Akwai Bajamushiya, mai dogon wuya, wadda ya samo wurin wani tsoho mutumin Garwa. Akwai Madam, wadda wani tsohon sojan Faransi daga Maraɗi ya rabu da ita yana hawaye. Sai Gurguwa, ta zamanin yaƙin basasa, wadda ba ta da kunama, aka tsinto ta cikin tarkacen ƙarafa. Dukansu suna cikin makoki, kuma an riga an yanke musu hukuncin zaman shiru har ƙarshen rayuwarsu.

Ciwon ajali ya faro ne daga yabo, abin da ba wanda zai zata. Da aka samu sakewa, Alhaji ya fito da su daga maɓoya ya jera, ya gayyato maƙwabcinsa Oga Dachung, mutumin Jos, wanda ya yi shekara ashirin da biyu yana gyaran makamai a bariki kafin ya yi ritaya ya zama shugaban masu gadi a wata masana'anta a Ilupeju. Dachung ya wanke hannu, ya ɗauki 'Yar Bama da ladabi, ya sa farar takarda a gindin bututun, ya leƙa ta baki yana fuskantar taga. Ya daɗe yana leƙe. Da ya ɗago, fuskarsa cike da murna.

"Alhaji, ka san abin da kake da shi kuwa? Wannan bindiga bai taɓa aiki ba. Ciki nashi sabo ful, kamar yau aka fito da shi daga sito. Irin shi ne masu tara bindiga suke nema ido rufe. Abeg, kar ka taɓa harba shi."

Ya buɗe gwangwanin harsasai, ya shinshina, ya kama kai.

"Wa ya ce ka ba harsashi mai? Bindiga ne yake shan mai, ba harsashi ba. Mai yana shiga ciki, yana kashe albarushi. Ka ji ni da kyau: tsohon harsashi in ya yi ƙaramin ƙara, ya maƙale ne a hanya. Ba a jan na biyu."

Dachung ya tafi gida yana ganin ya yi wa maƙwabcinsa albishir. Alhaji kuwa abu ɗaya kunnensa ya ɗauka: an ce ubansa maƙaryaci ne. In bindiga ba ta taɓa aiki ba, ina mashigin kogi, ina kyaftin, ina harbi uku? Ya yi mako biyu ba ya amsa gaisuwar Dachung da kyau. Maganar mai kuwa ya watsar, ya ce soja zai koya masa yadda ake adana abu? Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai zafin zuciya ya sa ya kai ƙorafin wurin Almu, ƙanen matarsa Hajiya Ruƙayyatu, mahauci a Oko-Oba, haifaffen Agege. Duk wanda ya san Almu ya san gaya masa magana daidai yake da ba da sanarwa a lasifikar tasha. Ga shi kuma ƙanen mata ne, akwai wasa tsakani, ba dama a yi fushi da shi a fili.

Da ma akwai tsohon miki. Shekarar da aka yi tashin hankali a Ketu, tsoro ya iso har Agege, mutanen layi sun zo wurin Alhaji suna neman ya fito da abin da yake da shi a tsare unguwa. Ya ce musu waɗannan ba na faɗa ba ne, tarihi ne, kuma ba zai ba wani abin da zai zubar da jinin ɗan mutane ba. Allah ya kiyaye, layinsu bai ga komai ba. Amma tun daga ranar Almu ya laƙa masa suna Alhaji Bindigar Ado. Yanzu da ya samu sabon nama, sai ya wasa wuƙa.

"Oga Alhaji, shebi na ce ado ce? Ka ba Yaya ta jera cikin tangaran ɗinta, jare. Ashe Baba Saje girki ya je yi a Bama!"

Haka Alhaji ya yi shekara guda da 'yan watanni tsakanin mutum biyu. Ɗaya ya san bindiga yana cewa kar a harba, darajarta a shirunta take. Ɗaya bai san komai ba sai wuƙa da surutu, yana cewa bindigar da ba ta magana ai guduma ce. Wani Bature daga Ilupeju ya aiko sau biyu yana son ya saya, Alhaji ya ce ba a sayar da uba. Cikin ransa ya san Dachung ya fi gaskiya a kan ƙarfe. Amma duk sanda ya shiga mayanka ya ji wani ya yi tari da gangan, ko ya ji an ce "ina kwanan ɗan kuku," sai ya ji kamar ana tone kabarin mahaifinsa da cokali.

Sai Allah ya ba ɗansa Mahbub ɗa namiji, jikan farko a gidan, aka shirya suna ranar Lahadi. Aka kafa rumfa a ƙofar gida, mahauta da dillalai da 'yan goro suka cika layi, Yarabawan unguwa suka zo da shigarsu, Dachung ma ya zo da matarsa. Liman ya raɗa wa yaro suna Isma'ila, sunan Saje Ilu na yanka. Alhaji ya ji hawaye ya zo masa. Ana cikin rabon goro, Almu, wanda ya gama feɗe ragon suna, ya miƙe hannunsa duk jini, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen rumfa zai ji.

"Jama'a, Saje ya dawo gida! Ba wanda zai yi masa gaisuwar soja? Abi sai mu buga masa murfin tukunya, tunda ita ya sani?"

Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma dariya ce, kuma a ranar sunan mai sunan uba. Alhaji ya tashi ya shiga gida. Hajiya Ruƙayyatu ta tare shi a bakin ɗaki ta ce, "Alhaji, don girman Allah kar ka biye wa Almu, ka san ba shi da saiti." Ya ratse ta. Ya buɗe kabad, ya buɗe gwangwani, ya goge harsasai shida da bakin rigarsa, ya jera su. Marigayiyar ta ce ƙas, kamar kullum, ba ta san na ƙarshe ke nan ba.

Ya fito ya tsaya a tsakiyar layi cikin babbar rigarsa, ya ɗaga hannu sama, ya ce, "Wannan ta Saje ce." Ya ja kunama.

Tuf.

Iyakar abin da ta ce ke nan, kamar tsohuwa ta yi tari cikin mayafi. Ɗan hayaƙi ya fito yana warin soyayyen man shanu. Sai wani ya tuntsire da dariya daga bayan rumfa. Dachung ya zubar da goron hannunsa ya taso yana ture kujeru, yana ihu: "Alhaji, tsaya! Ya maƙale a ciki! Kar ka ja!"

Wannan sanarwa ba za ta yi wa mamaciya ƙarya ba: Alhaji ya ji shi. Ya ji shi sarai, ya kuma tuna gargaɗin. Amma ya ji dariyar ma, ita ce ta fi kusa da kunnensa. Cikin harsasai shida, ɗaya ne mai bai gama kashewa ba, kuma shi ne na biyu a layi.

Daram!

Bututun ya dare gida uku kamar an ɓare rake. Wani yanki ya huda rumfa, wani ya fasa butar liman. Mata suka fasa ihu, maza suka yi ta kansu, har da waɗanda suka taɓa rantsuwa za su tsare unguwa. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, ba wanda ya ji ciwo sai Alhaji: an yi masa ɗinki a yatsu biyu, kunnensa na dama kuma har yanzu yana kiran sallar da ba a yi ba. Hukuma ta zo ta yi tambayoyinta, an nuna takardu, an amsa abin da aka iya amsawa.

Abin da ya fi ɗinkin ciwo shi ne masu jaje. Waɗanda jiya suke cewa a harba, yau su ne ke girgiza kai suna cewa ai da ma tsohon abu ba a takura masa. Wani ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, alhali shi ne ya fara dariya. Almu ya zo da cinyar sa a leda, ya zauna ya ce, "Amma fa ta yi ƙara, Oga Alhaji. Wallahi har Oko-Oba an ji." Shi a ganinsa ta'aziyya ya yi. Dachung kuwa, wanda shi kaɗai ke da ikon cewa na gaya maka, bai ce ba. Shi ya kai Alhaji asibiti a bayan babur, shi ya dawo ya tsince ƙarafan a cikin hularsa ya kawo. Alhaji ya ce da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Ga shi kuma bututun da ake gardama a kansa ya tarwatse, babu wani gwani a duniya da zai ƙara leƙa shi ya ce ya taɓa aiki ko bai taɓa ba. An kashe shaida garin neman shaida.

Akwai wata magajiya da ba a sa cikin jerin waɗanda marigayiyar ta bari ba, domin Alhaji bai san tana ciki ba sai ranar uku. Ita ce mahaifiyarsa, Iya Mariamu, matar Saje, wadda ta haura tamanin, take zaune a ɗakin baya. Ya shiga ya durƙusa da hannunsa a naɗe, ya yi tambayar da ya kamata ya yi tun kafin ya kai ƙara wurin mahauci.

"Iya, Baba ya taɓa harba ta kuwa?"

"Ni na je Bama?" in ji ta. "Abin da na sani, da ya dawo, in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura jikinsa na rawa. Shekara talatin yana haka. Ko ya harba ko bai harba ba, ya ga abin da ya gani. Kai ne kake bukatar ƙara, shi gudunta yake."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Sai Iya ta ce, "Mariƙin ya tsira?"

Ya ce katakon ya rabe biyu, ɓari ɗaya aka samu. Ta miƙo hannu ya ba ta. Ta shafa, ta juya, ta mayar masa.

"Ba wannan ba. Ɗayan. Akwai wurin da ya loɓa, inda babban yatsansa ke zama, don kullum da yamma sai ya riƙe ta yana kallon hanya. Tun da ya tafi, duk inda ka ɓoye ta na sani. In ka fita mayanka sai in sa Ruƙayyatu ta ɗauko mini, in ɗora yatsana a wurin. Kai kana shafa mata mai, ni gaisawa nake da shi."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta dai ce ya ja mata ƙofa in zai fita.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma yana jiran butarsa. Saboda haka ranar Asabar mai zuwa da hantsi, Oga Dachung zai sauke sauran harsasai huɗu ta hanyar da ya sani, sannan shi da Alhaji za su ɗauki gawar a naɗe cikin jemammiyar fatar akuya, su shiga kwalekwale a Ebute Meta, su sauke ta a tsakiyar ruwa inda ba mai tsinta. Ba a bukatar rakiya. Ba za a yi gaisuwar soja ba, duk wanda ya kawo shawarar haka ya kuka da kansa. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida bayan la'asar, Almu zai iya zuwa amma daga wajen rumfa, kuma da bakinsa a rufe.

Roƙo ɗaya ya rage. An share layi, an kwashe kwata, an zazzage tabarmin suna ɗaya bayan ɗaya, ba a ga ɗaya ɓarin mariƙin ba. Katako ne ja mai duhu, bai kai tafin hannu ba, yana da ɗan loɓi mai santsi a gefe. Ba shi da amfani ga kowa, ko wuta ba zai hura ba. Duk wanda ya je sunan, ya duba aljihunsa, da naɗin rigarsa, da ƙasan takalminsa. Wanda ya tsinta ya kawo, ba za a tambaye shi komai ba. Kada ya ba Alhaji. Ya wuce kai tsaye ɗakin baya, ya yi sallama a hankali, tana nan zaune tana jira.